Abin da Nutron Ke Yi wa Ƙarfen Tukunyar Haɗe Atam

A ƙasar nan, da an ambaci nukiliya sai hankali ya tafi Arlit da uraniyom. Tukunyar da za mu duba yau ba ruwanta da uraniyom. Haɗe atam take yi maimakon fasa shi: diyuteriyom da ake tacewa daga ruwa da tiritiyom da ake samarwa daga litiyom, dukansu nau'in haidurojin masu nauyi, su haɗu, su ba da heliyom mai ƙarfin MeV 3.5 da nutron mai MeV 14.1 (eV ma'aunin ƙarfin ƙwayoyin atam ne, keV dubunsa, MeV miliyansa). Kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin ke nan nutron ya ɗauke. Filasma, wato iskar makamashin da zafi ya sa atam ɗinta suka rabu da elektron, mai zafin digiri miliyan 150, maganaɗisu ne ke riƙe ta nesa da bango, amma nutron ba shi da caji, maganaɗisu bai san da zamansa ba. Kai tsaye yake faɗawa cikin ƙarfe, ya nutsa santimita da dama kafin ya ci karo da atam. A ganina, duk alkawarin da ake yi na samun wutar lantarki ta wannan hanya, a jikin ƙarfen bangon nan za a gane gaskiyarsa.

Atam ɗin ƙarfe a jere suke, kowane da gurbinsa. Don a tumɓuke atam ɗaya na baƙin ƙarfe daga gurbinsa ana buƙatar kamar eV 40, na tangisten kuwa kamar 90. Nutron mai MeV 14 yana iya miƙa wa atam ɗaya na baƙin ƙarfe har kusan MeV 1. Wannan atam da aka fara bugewa sai ya tashi a guje ya bugi maƙwabtansa, su ma su bugi nasu, wuri mai faɗin ƴan nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) ya narke na ɗan lokacin da bai wuce kashi goma cikin tiriliyan na daƙiƙa ba, sannan ya daskare. Yawancin atam ɗin suna komawa gurabe. Waɗanda ba su koma ba suna barin ɓarna iri biyu: gurbi wanda babu kowa a ciki, da atam ɗan cushe wanda ya matsu tsakanin ƴan uwansa inda babu wurinsa.

Ma'aunin wannan ɓarna shi ne dpa, wato sau nawa aka tumɓuke kowane atam a matsakaici. Lissafin da ake amfani da shi na Norgett da Robinson da Torrens ne, na 1975: a ɗauki ƙarfin da ya tafi wajen bugun atam, a ninka da 0.8, a raba da ninki biyu na ƙarfin tumɓukewa. Ga baƙin ƙarfe, keV 10 zai ba da atam 100. Ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou da ke son gwada wannan lissafi su riƙe cewa ya wuce gaskiya: kwaikwayon kwamfuta ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke saura bayan wurin ya huce. Ana riƙe da dpa ne don kowa ya yi awo da mudu ɗaya.

Ga girman abin. Megawat ɗaya na nutron a kan murabba'in mita ɗaya na tsawon shekara yana jawo kamar dpa 10 a ƙarfe. ITER, tukunyar gwaji ta ƙasa da ƙasa da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa, ƴan dpa kaɗan za ta tara duk rayuwarta, shi ya sa ta iya amfani da inoks 316L(N). Tukunyar gwaji ta Turai mai biyo baya, DEMO, ana tsara bargonta (rufin ƙarfe da ke kewaye filasma yana tare nutron) na farko a kan dpa 20, na biyu a kan 50. Tashar da za ta sayar da wuta da riba ana maganar 100 ko fiye. Kowane atam na bango ya bar gurbinsa sau ɗari, kuma ana son bangon ya ci gaba da riƙe ruwa ko iska mai matsi.

Abu na farko da ke faruwa shi ne ƙarfe ya ƙara tauri, kuma nan ne mai kallon alƙaluma daga nesa yake ruɗewa. Ƙarfe yana lanƙwasuwa ne saboda jerin atam suna zamewa bisa juna ta wasu layukan aibi da ke tafiya cikin ƙwayar ƙarfen (ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna). Ƴan cushen nan da guraben suna taruwa su yi ƙananan zobba masu faɗin nanomita kaɗan, da yawan da ke kai 10²² a kowace mita kubik. Kowane zobe turaku ne a hanyar layin zamiya. Ƙarin taurin yana bin tushen murabba'i na yawan zobban da aka ninka da faɗinsu. In aka ɗauki 10²² da faɗin nanomita 5, da ƙarfin turaku na 0.4, lissafi ya ba da ƙarin kusan MPa 170 (MPa ma'aunin nauyi ne a kan faɗin wuri). Sai an ninka zobban sau huɗu kafin taurin ya ninka sau biyu, shi ya sa yawancin taurin a ƴan dpa na farko yake shigowa, daga baya ya lafa.

EUROFER97, ƙarfen da Turai ta tanada don wannan aiki, yana fara lanƙwasa ta dindindin a kamar MPa 530 zuwa 550 a zafin ɗaki. Bayan an haska shi, wato an harbe shi da nutron, a digiri 300 zuwa 330 har dpa goma sha wani abu, adadin yakan kai 1000 ko ya ɗara. Sai dai miƙuwar da yake yi bai-ɗaya kafin ya fara tsukewa a wuri guda takan faɗo ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Dalilin yana da ban sha'awa. Layin zamiya na farko da ya samu ya ratsa yana share zobban da ke hanyarsa, ya bar siririn lungu mai laushi. Duk na bayansa sai su bi lungun nan, don ya fi sauƙi. Maimakon nauyi ya watsu cikin ƙarfe duka, sai ya taru a ƴan lunguna, kuma inda lungun ya ƙare a iyakar ƙwaya nan tsaga ke farawa.

Maƙeranmu na Damagaram sun san rabin wannan magana tun kaka da kakanni. Ƙarfen da aka yi ta dukansa da masaba a sanyi yana ƙara tauri, in aka matsa masa sai ya dare. Maganinsa a mayar da shi wuta a zuga ya saki jiki. Haka ma a nan: gwaje-gwaje sun nuna dumama EUROFER97 da aka haska zuwa digiri 550 na awa uku yana mayar da mafi yawan laushinsa, don zobban suna narkewa. Wahalar ita ce yadda za a gasa bargo mai nauyin tan da yawa yana cikin tukunya, da bututansa da waldarsa, ba tare da wani sashe ya karkace ba.

Babbar barazanar dai gautsi ce. Irin wannan ƙarfe, mai tsarin atam na ferit da martensit, yana da wani zafi da in aka sauko ƙasa da shi ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake yi farat ɗaya. Ana gano wannan iyaka da gwajin Charpy, wanda injiniyoyin bututun mai suka sani sarai: sanda mai milimita 10 da 10 da 55, a yi mata tsaga mai zurfin milimita 2, a sake mata guduma mai lilo, a auna ƙarfin da ta shanye kafin ta karye. A maimaita a zafi dabam-dabam, sai a ga inda adadin ya rufto.

Me ya sa nutron ke ɗaga wannan iyaka? Ƙarfi biyu ne ke tsere. Akwai nauyin da ake buƙata don ƙarfe ya zame, wanda ke ƙaruwa in sanyi ya ƙaru. Akwai kuma nauyin da ake buƙata don ƙwaya ta tsage biyu, shi kuwa kusan ba ya motsi da zafi. Wanda aka fara isa gare shi ne ke faruwa. Haskawa tana ɗaga na farko ta bar na biyu inda yake, don haka mahaɗarsu sai ta koma wajen zafi, kamar digiri 40 zuwa 60 a kowane ƙarin MPa 100. EUROFER97 sabo iyakarsa tana wajen digiri 80 zuwa 90 ƙasa da sifili. Bayan dpa 15 a digiri 300 zuwa 330 takan ƙaura da digiri 150 ko fiye, a dpa 30 zuwa 70 kuma da sama da 200, kamar yadda aka gani a tukunyar BOR-60 ta Dimitrovgrad a Rasha. Ƙarfen ya zama mai gautsi ke nan har sama da zafin tafasar ruwa.

A lura da inda haɗarin yake. Lokacin da tukunya ke aiki ƙarfen yana digiri 300 ko fiye, yana saman iyakar. Ranar da aka kashe ta don gyara, ya huce, injin da ake sarrafawa daga nesa ya zo ɗaga shi, ranar ce yake cikin gautsi. Ko zafin watan Afrilu na nan, da ke wuce digiri 40, bai kai ko kusa da abin da zai cece shi ba. Haka ma lokacin tayarwa, in aka sa matsi kafin ƙarfe ya yi zafi. Ƙa'idar ita ce a dumama tukuna sannan a ɗora nauyi.

Daga nan ne aka samu tazarar aikin da kowa ke ambata, digiri 350 zuwa 550. Ƙasa da 350 zobba suna zama daram. Sama da 400 ɓarnar tana warkewa kusan da saurin da ake yin ta, taurin ba ya taruwa sosai. Sama da 550 kuma ƙarfen da kansa yake saki ƙarƙashin nauyi. Tazarar digiri 200 ke nan kacal. Bargon da ake sanyayawa da heliyom mai matsin MPa 8 yana karɓar iskar a digiri 300 ya fitar da ita a wajen 500, ya kusa dacewa. Wanda ake sanyayawa da ruwa mai matsin MPa 15.5 kuwa tsakanin 295 da 328 yake, daidai inda ƙarfen ya fi lalacewa. An zaɓi ruwan ne don masana'antu sun saba da shi a tashoshin fasa atam, amma a wajen mai nazarin ƙarfe zaɓi ne mai tsada, kuma ban ga yadda za a kauce wa biyan kuɗinsa da gajartar rayuwar bargon ba.

Haɗin ƙarfen ma ba da ka aka yi shi ba. Kuromiyom kashi 9, tangisten kamar 1.1, banadiyom 0.2, tantalom kamar 0.12, kabon 0.11. A kashi 9 ne ƙaurar iyakar gautsi ta fi ƙanƙanta. In kuromiyom ya haura 10 zuwa 12, haskawa tana sa shi warewa ya yi ƙananan dunƙule masu ƙara tauri. An cire molibdenom da nayobiyom da nikel saboda in nutron ya taɓa su suna daɗewa suna fitar da tururi mai guba. Nayobiyom-94 kaɗai rabin rayuwarsa, wato lokacin da gubarsa ke raguwa da rabi, kusan shekara 20,000 ne. Ana gasa EUROFER97 a digiri 980 na rabin awa, a huce, a sake gasawa a 760 na awa ɗaya da rabi. F82H na Japan da CLAM na Sin dangi ɗaya ne. Kowace walda tana rusa wannan tsari a gefenta, ta bar martensit ɗanye mai gautsi, sai an sake gasa wurin a wajen 750 kafin a yarda da shi.

Duk abin da na faɗa zuwa nan tukunyar fasa atam ma tana yin sa. Abin da ya raba su shi ne iska. Nutron ɗin fasa atam matsakaicinsa MeV 2 ne. Mai MeV 14 kuwa yana da ƙarfin shiga cikin cibiyar atam ya fitar da heliyom ko haidurojin. A ƙarfe, kowane dpa yana zuwa da atam 10 zuwa 12 na heliyom cikin miliyan, da kamar 45 na haidurojin. A tukunyar fasa atam mai saurin nutron heliyom bai kai ɗaya ba. Haidurojin yana iya sulalewa ya fita in da zafi. Heliyom ba ya narkewa cikin ƙarfe, ba ya fita. Gurbi yake nema ya zauna, wasu su same shi, su zama kumfa. A dpa 50 ana maganar atam 500 cikin miliyan. A sanyi kumfar tana ƙara wa gautsi, har ta raunana iyakar ƙwayoyi ta yadda gasawa ba ta warkar da ita. A zafi mai yawa, sama da rabin zafin narkewa, kumfar tana taruwa a iyakokin, nauyi ya buɗe ta, ƙarfe ya rabu ƙwaya-ƙwaya ba tare da ya miƙe ba.

Ƴan uwa masu walda, ga naku. Inoks da ya tara heliyom ba ya karɓar sabuwar walda. Zafin waldar yana kumbura kumfar da ke iyakokin ƙwayoyi a gefen ɗinkin, sanyin da ke biyo baya ya ja wurin, sai tsaga ta bi gefen. Iyakar da ITER ta sa wa farantai masu kauri atam 1 ne cikin miliyan, siraran bututu kuma 3. A kwatanta da 10 a kowane dpa: kashi goma na dpa ɗaya ya isa. Saboda haka duk inda za a yanke a sake haɗawa dole a ɓoye shi can baya, bayan garkuwa mai kauri, kuma a yi waldar da ƙaramin zafi. Wannan ƙa'ida ɗaya ta juya tsarin bututun tukunyar baki ɗaya.

Kumburi kuwa an gano shi tun 1967, lokacin da Cawthorne da Fulton suka ga koguna cikin inoks na tukunyar Dounreay a Sikotilan. Layukan zamiya sun fi jan ƴan cushe a kan gurabe, sai guraben da suka yi rara su taru su zama kogo. Inoks, bayan ɗan jinkiri, yana kumbura da kusan kashi 1 cikin ɗari a kowane dpa. An ga 316 da ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa a dpa kusan 80. Ƙarfen ferit jinkirinsa ya fi tsawo sosai, saurinsa kuma kamar 0.2 ne, babban dalilin da ya sa aka zaɓe shi ke nan. Heliyom yana taimakon koguna su kafu da wuri, don haka jinkirin da aka auna a tukunyar fasa atam ba abin jingina ba ne. Akwai kuma saki na sannu da haskawa ke jawowa ko a zafin da ƙarfe ba ya saki da kansa: kusoshin da aka ɗaure tam sukan sassauta, abin da aka matse ya yi lako-lako.

A ƙasan tukunya akwai magudanar da ke karɓar tokar heliyom da zafin da ya tsere, megawat 10 a murabba'in mita a kullum, 20 na ɗan lokaci. Ta ITER kaset 54 ce, an lulluɓe ta da ƙananan tubalan tangisten, kowane da rami a tsakiya inda bututun jan ƙarfe mai ɗan kuromiyom da zirkoniyom ya ratsa, da siririn jan ƙarfe zalla a tsakani don ya shanye bambancin buɗewa. Tangisten sai digiri 3422 yake narkewa, kuma a 2023 ITER ta yanke shawarar sa shi a bangon farko ma a madadin beriliyom. Amma shi tun yana sabo mai gautsi ne a zafin ɗaki, iyakarsa tana wajen digiri 200 zuwa 400 gwargwadon yadda aka murza shi. Haskawa tana tura ta sama da ɗaruruwan digiri. Nutron kuma yana mayar da wani sashe nasa reniyom, reniyom ya koma osmiyom, su taru su yi dunƙule masu tauri, su rage masa iya wuce da zafi, wanda a sabo yake kamar wat 170 a mita a digiri. In wucewar zafi ta ragu fuskar tubali tana ƙara zafi, in ta haura 1200 zuwa 1300 ƙwayoyin su sake tsari su yi girma, gautsi ya ƙaru, tsaga ta sauko daga fuska zuwa bututu.

Bututun jan ƙarfen nasa matsin ya fi. Ƙasa da digiri 200 ɗan haskawa kaɗan, ƙasa da dpa ɗaya, ya isa ya ƙwace masa miƙuwa. Sama da 300 yana laushi yana saki. Tangisten na son zafi, jan ƙarfe na gudunsa, tsakaninsu kuma milimita ɗaya ne.

Ana neman mafita ta wajen ƙarfen da aka cusa wa ƙurar itiriyom oksaid kamar kashi 0.3. Ƙurar tana kama heliyom a ƙananan kumfa marasa illa, tana kuma ɗaga iyakar zafi zuwa 650 ko sama. Aibinsa walda: da an narkar da shi ƙurar ta dunƙule ta taso, amfanin ya tafi, sai dai haɗi ta hanyar murzawa ba narkarwa. Banadiyom mai kuromiyom 4 da titaniyom 4, da saƙar silikon kabaid, suna nan a layi, amma ba su kusa da masana'anta ba.

To daga ina alƙaluman nan suke fitowa, tunda babu tukunyar haɗe atam da ta taɓa tara ko dpa ɗaya? Tukunyar JET ta Ingila, a bajintarta ta 2023, megajul 69 ta bayar cikin daƙiƙa biyar da ɗoriya. Dabaru ake yi, kowace da ha'incinta. Tukunyar fasa atam irin HFIR ta Oak Ridge a Amurka ko HFR ta Petten a Holan tana ba da dpa amma heliyom kaɗan. Sai a sa boron-10 cikin ƙarfen don ya haifar da heliyom, amma boron yana taruwa a iyakar ƙwayoyi kuma yana barin litiyom. A sa nikel, shi kuma ya canza halin ƙarfen. Harbi da ayon, wato atam mai caji, kamar a cibiyar JANNuS ta Saclay a Faransa, yana ba da dpa 100 cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai zurfin ɓarnar mikiromita ɗaya ko biyu ne, ba a yanka sandar Charpy daga ciki, kuma saurin ya ninka na gaske sau dubbai, abin da ke canza yadda gurabe ke haɗuwa. Duk wanda ya nuna maka hoton ƙarfe mai “jure dpa 200”, fara tambayarsa da me aka harbe shi, a wane zafi, heliyom nawa.

Abin da ake jira shi ne IFMIF-DONES da ake ginawa kusa da Granada a Sifen. Za a tura diyuteron, wato cibiyar atam ta diyuteriyom, mai MeV 40 da miliamfiya 125, megawat 5 ke nan, a kan labulen narkakken litiyom mai kaurin milimita 25 da ke gudun mita 15 a daƙiƙa. Nutron da ke fitowa ta bayansa suna ba da heliyom da dpa a gwargwado irin na gaske. Wurin da ɓarnar ta fi ƙarfi bai kai rabin lita ba. Dole samfuri ya ƙanƙance, sandar Charpy ta koma milimita 3 da 4 da 27, kuma ƙaramin samfuri yana nuna iyakar gautsi ƙasa da ta babban ƙarfe, sai an gyara lissafin da gwajin kwatanci. Walda mai kaurin santimita biyu ko mahaɗar bututu cikakkiya ba za ta shiga wannan akwati ba. Irin waɗannan sai cikin DEMO kanta, shi ya sa aka tsayar da bargon farko a dpa 20, kamar atam 200 na heliyom cikin miliyan, a cire shi a yanka a duba kafin a saka na biyu.